Kundin aiki: littafin koyon wasannin rarrabawa na jarrabawar LSAT

5 ga Fabrairu, 2024

Yau aka aza harsashin aikin. Abin da ake so a fitar ɗan littafi ne da Hausa, mai koyar da warware wasannin rarrabawa na LSAT, jarrabawar da akasarin makarantun koyon aikin lauya na Amurka da na Kanada ke nema kafin su ɗauki ɗalibi karatun digirin JD, wato digirin lauya na farko a can. Hukumar LSAC, mai kula da shiga makarantun lauya, ce ke shirya ta, makinta kuma daga 120 ne zuwa 180. Wanda ya riga ya yi digirin lauya a gida, LLM yake nema, wato digiri na biyu a fannin shari'a, galibi ba a tambayarsa ita. Littafin na masu neman JD ne.

Lokaci ba ya hannunmu. A watan Oktoba na 2023 hukumar ta sanar cewa daga Agustan 2024 za ta cire sashen wasannin ƙwaƙwalwa ɗungurungum, sashen da wasannin rarrabawa ke ciki, inda ake ba ɗalibi sharuɗɗa ya jera ko ya rarraba mutane bisa su, ta maye gurbinsa da sashe na biyu na tantance hujja. Tushen maganar ƙarar da wani makaho ya shigar ne a jihar Michigan, yana cewa sashen da ba ya warwaruwa sai da zane ya tauye wanda ba ya gani. Aka sasanta a 2019. Zaman Afrilu da na Yuni su ne na ƙarshe da za a ga waɗannan wasanni. Masu zaman Yuni muke hari.

Fasalin sashen kafin cire shi a Agustan 2024: minti 35, wasanni 4, tambayoyi 22 zuwa 24, kowace da zaɓi biyar daga A zuwa E, ba a rage maki don an yi kuskure. In aka raba daidai, kowane wasa yana da minti 8 da daƙiƙa 45. Wasannin iri biyu ne manya, na jerantawa da na rarrabawa, sai waɗanda suka haɗa duka. Namu na rarrabawa ne, kuma mun kasa shi gida uku: na shiga ko fita, na raba kowa gida ɗaya, da wanda mutum ɗaya ke iya shiga gida fiye da ɗaya. Tambayoyin hukumar mallakarta ne, don haka duk misalan littafin mu za mu ƙirƙira. Mai son na asali ya nemi tsofaffin jarrabawar hukumar.

9 ga Fabrairu

An tsayar da alamomi. Kowane mutum harafi ɗaya. Sharaɗi mai "idan" kibiya ce: F → G na nufin idan F ya shiga, G ma ya shiga. A takarda, wanda bai shiga ba a kan soke harafinsa da layi. A nan za mu riƙa rubuta ba-F.

Kowace kibiya tana da abokiyar tafiya, kuma nan take ake rubuta ta a ƙarƙashi, ba a bari sai an je tambaya: a juya ɓangarorin, a kore kowanne. F → G ta zama ba-G → ba-F. Mun raɗa mata suna juya-ka-kore. Wanda ya juya bai kore ba ya samu G → F, ƙarya ce. Wanda ya kore bai juya ba ya samu ba-F → ba-G, ita ma ƙarya ce. Yawancin zaɓin tarko a wasannin shiga ko fita daga waɗannan biyu ake gina su.

Akwai kibiyoyi biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, aikinsu kuwa gaba da baya ne. H → ba-J tana cewa ba za su shiga tare ba, aƙalla ɗaya yana waje, ko ma duka biyun. Ba-K → L tana cewa ba za su zauna waje tare ba, aƙalla ɗaya yana ciki, ko ma duka biyun. Ta farko tana kama gurbi ɗaya a layin waje, a rubuta H/J a can. Ta biyu tana kama gurbi a layin ciki, a rubuta K/L. Wannan kamun gurbi shi ne rabin aikin.

16 ga Fabrairu

Mako guda ya tafi a kan kalma ɗaya: "sai".

Da Turanci ake jarrabawar, kuma kalmomi biyu ne ke ka da hatta 'yan Amurka, "only if" da "unless". Littattafan can kan ba kowace dabararta daban. Hausa kuwa ta riga ta haɗa su a gini ɗaya: "Ba za a zaɓi M ba sai an zaɓi H." Jimlar Turanci mai "only if" da ba ta koru ba, da mai "unless" da ta koru, duk a wannan gini suke sauka, kuma abin da ya biyo bayan "sai" shi ne bakin kibiya: M → H. H sharaɗi ne na shigar M, amma shigar H ba ta tilasta wa M komai. Bahaushe ya san wannan tun yana yaro. In aka ce ba a shiga jirgi sai da tikiti, ba wanda zai fahimci cewa duk mai tikiti dole ya yi tafiya. Wannan gata ne da harshen ya ba ɗalibinmu, kuma babin farko a kansa zai tsaya.

Amma "sai" ɗin tana da fuska biyu masu cutarwa. Ta farko ita ce ta "idan an zaɓi F, sai a zaɓi G", inda ma'anarta "daga nan". Kibiyar daidai take fita, F → G, to amma ganin "sai" a gini biyu na rikita mai koyo, har ya riƙa neman ta a matsayin alama maimakon ya karanta jimlar. An cire ta daga duk sharaɗi mai "idan". Za a riƙa cewa "to dole a zaɓi G".

Ta biyu ta fi haɗari: "Za a zaɓi K sai dai idan an zaɓi L." A maganar yau da kullum, kunne na jin cewa da zarar L ya shiga, K ya fita. A LSAT ba haka ba ne. Abin da jimlar ta ce kawai shi ne idan L bai shiga ba, K zai shiga. In L ya shiga, ba ta ce komai a kan K ba. Shawarar da aka yanke: duk jimlar "unless" da ba ta koru ba, ɗalibi ya mayar da ita "idan babu L, to dole K", ya rubuta ba-L → K, ya ƙyale "sai dai". Wasa na farko za a gina shi yadda K da L za su haɗu a ciki, don a gani da ido.

24 ga Fabrairu

Wasa na farko ya kammalu. Za a zaɓi lauyoyi 4 daidai daga cikin 7, F, G, H, J, K, L, M, su kafa kwamiti.

1. Idan an zaɓi F, to dole a zaɓi G.
2. Ba a zaɓar H da J tare.
3. Idan ba a zaɓi K ba, to dole a zaɓi L.
4. Ba a zaɓar M sai an zaɓi H.
5. Idan an zaɓi G, to ba a zaɓar L.

Zanen layi biyu ne, gurabe 4 a ciki, 3 a waje. Mutane kan zana na ciki su mance na waje, alhali a nan waje ne ke da ƙunci, kuma inda ƙunci yake nan amsa take.

Sarƙa ta farko daga sharaɗi na 1, na 5 da na 3: F → G → ba-L → K. Juya-ka-korenta: ba-K → L → ba-G → ba-F. Sarƙa ta biyu: M → H → ba-J, sannan J → ba-H → ba-M.

Yanzu a ƙirga. In K ya fita, G da F sun bi shi, waje ya cika da mutum uku. Sauran huɗun dole su shiga, cikinsu har da H da J, abin da sharaɗi na 2 ya hana. Ashe K ba ya fita ko kaɗan. Ba sharaɗin da ya faɗi haka. Haɗuwar sarƙa da ƙidayar gurabe ce ta haifar da shi.

Da K a ciki, a raba a kan G. In G ya shiga, L ya fita, ana neman biyu daga F, H, J, M, kuma uku ne kawai ke yiwuwa: F da H, F da J, ko H da M. In G ya fita, F ya bi shi, gurbi ɗaya ya rage a waje, na H/J ne. H ba zai ɗauka ba domin M da ke ciki yana buƙatarsa, don haka J ne. Kwamitoci huɗu ke nan a duniyar wasan baki ɗaya: FGHK, FGJK, GHKM, HKLM. Na ƙarshen shi ne inda K da L suka zauna tare.

Wanda ya kashe minti uku ya fitar da waɗannan huɗu, tambayoyi shida ba za su ci masa wani minti uku ba. Idan J ya shiga, FGJK ne. Idan L ya shiga, HKLM ne. Waɗanda ba sa haɗuwa ba tare da an faɗa ba: F da M.

27 ga Fabrairu

A rubuta don kada a mance: daftarin farko na wannan wasa mutum 5 ya ce a zaɓa. Da gurabe 2 kawai a waje, ɗaya na H/J ɗaya na G/L, F, K da M dole su shiga, su jawo G da H. Kwamiti ɗaya tak, FGHKM, ba abin tambaya. Shi ya sa aka sauke zuwa 4. Daftarin bai tafi a banza ba, ya ba mu tambayar "in ba a ƙayyade adadi ba, mutum nawa ne mafi yawa?" Amsa 5, kuma hanyar ita ce a ƙirga guraben waje da aka kama, a debe daga 7.

8 ga Maris

Wasa na biyu, na raba kowa gida ɗaya. Ƙararraki 7, P, Q, R, S, T, V, W, za a raba wa kotuna uku, X, Y, Z. Kowace ƙara kotu ɗaya, kowace kotu aƙalla ƙara ɗaya.

1. Ƙararrakin X ninki biyu ne na Y.
2. P da Q kotu ɗaya.
3. R da S ba kotu ɗaya ba.
4. T tana Z.
5. Idan V tana X, to dole W ta je Y.

Kafin a taɓa harafi, a yi lissafin kaso. Y ta samu 1, X ta samu 2, Z ta kwashi 4. Ko Y ta samu 2, X 4, Z 1. Y ba za ta samu 3 ba, don X za ta nemi 6, jimla ta wuce 7. Kaso biyu ke nan, 2-1-4 da 4-2-1, kowanne a zana masa shimfiɗarsa.

Ta 4-2-1 ta fi saurin rufuwa. T ita kaɗai ce a Z. In P da Q suka cika Y, R da S za su haɗu a X, bai yiwu ba. Saboda haka P da Q suna X, R da S ɗaya X ɗaya Y, V da W ma haka. Hanyoyi 4.

Ta 2-1-4 tana da reshe biyu. In P da Q suka cika X, Y mai gurbi ɗaya dole ta ɗauki R ko S don a raba su, V da W su faɗa Z. In kuwa P da Q suna Z tare da T, gurbi ɗaya ya rage a can. V ta je X, W ta je Y. V ta je Y ko Z, W ta je X, domin in ba ita ba R da S ne za su cika X. Hanyoyi 2 a reshen farko, 6 a na biyu, jimlar wasan 12.

Ba a so ɗalibi ya rubuta duka 12. Shimfiɗa uku da guraben R/S a buɗe sun isa. Abin da ya kamata ya gani: P da Q ba sa zuwa Y a kowane hali, kuma W ba ta zuwa Z sai a reshe ɗaya, inda take tare da V, P da Q kuma suna X. An gina tambaya mafi wuya a kan wannan.

Sharaɗi na 5 shi ne ramin da masu gwajin daftarin suka fi faɗawa. Da sun ga V ba ta X sai su hana W zuwa Y, ko sun ga W a X sai su tura V zuwa Y kai tsaye. A wasan gida biyu "ba ya ciki" na nufin "yana waje". A wasan gida uku "ba ta X" na nufin Y ko Z, ba a san wacce ba. Juya-ka-koren sharaɗin shi ne idan W ba ta Y, V ba ta X, iyakarsa ke nan. An ƙara shafi guda a kan wannan bambanci.

12 ga Maris

An sauya tsarin amsa tambayoyi a babi na biyu. Tambayar farko a kusan kowane wasa ita ce "wane jeri ne ya halatta?", kuma ba a bin ta zaɓi-zaɓi. A ɗauki sharaɗi ɗaya, a bi zaɓi biyar da shi, a soke wanda ya karya, a ɗauki na gaba. Daga nan a yi tambayoyin da suka zo da sabon "idan", kowace da ƙaramin zanenta a gefe, ba a kan babban zane ba. Tambayoyin "dole" da "ba zai yiwu ba" a bar su ƙarshe, lokacin da ƙananan zanen sun taru: duk zaɓin da aka taɓa ganin akasinsa a halattaccen zane ba dole ba ne. Zanen da ya karye a soke shi da babban gicciye, in ba haka ba za a dawo a ɗauke shi shaida.

19 ga Maris

An gano kuskure a wasa na farko, kuma namu ne.

Akwai irin tambayar da ke cewa a cire sharaɗi kaza, wane zaɓi ne in aka sa a madadinsa sakamakon ba zai canza ba. Mun yi ta a kan sharaɗi na 3, amsar da muka nufa ita ce "dole a zaɓi K". Cikin zaɓin tarko muka sa "ba a zaɓar F da M tare", da tunanin cewa gaskiya ce a wasan amma ba ta kai ƙarfin sharaɗin ba. Da aka zauna aka cire sharaɗi na 3 aka sake ƙidaya, sai aka ga kwamiti ɗaya ne kawai yake hanawa, FGHM. Hana F da M haɗuwa ma wannan ɗin yake kashewa, bai taɓa sauran huɗun ba. Amsa biyu daidai a tambaya ɗaya.

An maye tarkon da "dole a zaɓi H", wanda ke barin FGHM ya kuma kashe FGJK. Kuskuren ya koya mana yadda za a bayyana irin tambayar fiye da abin da muka rubuta da farko. Madadi na gaskiya sai ya ci gwaji biyu: kada ya hana abin da tsohon sharaɗin ya bari, kada kuma ya bar abin da ya hana. Gwajin farko da tsofaffin zane ake yinsa, yana da sauri. Na biyu yana buƙatar a tambayi kai me sharaɗin yake hanawa a zahiri. Ita ce tambaya mafi cin lokaci, kuma takan zo a ƙarshen wasa. Wanda agogo ya matsa wa ya zaɓi harafi ya wuce, tunda ba a rage maki.

Daga yau ba tambayar da za ta shiga littafin sai an jera duk hanyoyin wasanta a takarda, mutum biyu daban-daban, an gwada kowane zaɓi a kansu. An koma kan wasa na biyu da wannan ma'auni, ya tsira.

27 ga Maris

Wasa na uku, mai maimaici. Lauyoyi 4, N, R, S, T. Kwamitoci uku, na haraji, na filaye da na gado, kowanne mutum 2. Kowa yana aƙalla kwamiti ɗaya.

1. Kwamitocin N sun fi na R yawa.
2. S da T ba sa zama kwamiti ɗaya.
3. R yana na filaye.

Alamar wannan iri ita ce gurabe sun fi mutane: kujeru 6, mutum 4. Kason ko 3-1-1-1 ne ko 2-2-1-1. R ba zai samu 2 ba, don N zai nemi 3, S da T su rasa isassun kujeru. R na filaye kaɗai ke nan, a soke shi ƙarƙashin haraji da gado. To su wa suka rage wa waɗannan biyu? N, S da T. S da T ba sa haɗuwa, don haka kowanne daga cikin kwamitocin biyu N ne da ɗayansu. N yana haraji, yana gado, ko da wane kaso. Abin da ya rage buɗe shi ne abokin R a filaye: in N ne, kason 3-1-1-1 ne da hanyoyi 2, in S ne ko T, 2-2-1-1 ne da hanyoyi 6.

Masu gwaji da suka saba da wasa na biyu sukan soke harafi da zarar sun ajiye shi a gida ɗaya, sai kujeru su rage ba mai zama. Maganinsa a rubuta adadin kujeru da na mutane a saman takarda kafin a karanta sharaɗi na farko, a kuma nemi kalmar "aƙalla" da "daidai" a gabatarwar wasan. Gabatarwar ma sharaɗi ce, ko da ba a jera ta da lamba ba.

2 ga Afrilu

Babi uku sun tafi wurin mai duba rubutu. Gwajin agogo ya nuna minti 8 da daƙiƙa 45 ba ma'aunin kowane wasa ba ne: na uku yana ƙarewa ƙasa da haka, na biyu yana haurawa ga wanda ya zana shimfiɗa uku, kuma haurawar ta cancanta. Za a rubuta a babin lokaci cewa a duba wasanni huɗun a minti na farko, a fara da mai ƙunci da yawan tambayoyi.

Saura babin wasannin da suka haɗa rarrabawa da jerantawa, da wasan shiga ko fita mai rukunoni, irin na zaɓar mutum 5 daga sassa uku da sharaɗin aƙalla ɗaya daga kowane sashe. Daftarinsa na yanzu yana ba da hanyoyi da yawa fiye da kima, yana buƙatar ƙarin sharaɗi ɗaya na adadi. Babin "sai" kuma za a ware shi ya tsaya da kansa, domin sashen tantance hujja da zai rage bayan Agusta cike yake da waɗannan kibiyoyi.